Ranar da Jirgi Ya Juya Babu Yayana

Mu mutanen Korgom me muka sani game da teku? Ruwanmu na rijiya ne, sai tabki in damina ta yi kyau. Amma yayana, babban ɗan Inna, shekara goma sha ɗaya ya yi a tsakiyarsa. Gadi ya je nema a kurmi, aka ga ba ya sha, ba ya surutu, sai aka kai shi wata hasumiya da aka gina kan dutse cikin ruwa. Da magariba ya kunna babbar fitila don kada jirage su afka wa dutsen, da safe ya goge gishirin da ya daskare a gilashi. Su biyu ne rak. Jirgin da ke kai musu abinci sau ɗaya yake zuwa a wata, shi ma sai teku ya yarda.

Da ciwo ya kwantar da Inna, ni aka ɗora a moto zuwa Tasawa in buga waya, don lokacin salula ba ta iso ƙauye ba. Ma'aikatan tashar jirage suka haɗa ni da shi, muryarsa na tsinkewa a layi.

Ya ce, "Jirgi na nan, yanzu zai juya. In biyo shi? Ya jikin Inna?"

Na ce, "Da sauƙi, Yaya."

Sauƙin me! Matar da ko kunu ba ya wuce mata. To amma haka aka rene mu: ba a tayar wa na nesa hankali, mara lafiya ko yana shure-shure da sauƙi ake cewa. Na ɗauka zai gane, yadda kowa a gida ke ganewa. Wautata ke nan. Na manta ya daɗe a inda in an ce iska za ta tashi, to tashi za ta yi, ba a kunya, ba a kara. Ya gaskata ni, ya bar jirgi ya tafi.

Kwana shida Inna tana kallon ƙofa tana tambaya, "Ya iso?" Muna ce mata yana hanya. Teku kuwa ya hau, jirgi bai koma ba. Har aka yi sadakar arba'in yayana na can yana goge gilashi.

Yau fitilar da hasken rana take aiki, kanta take kunna kanta, an sallame su. Ya dawo gida da ƙirjin da danshi ya cinye, ko kunya biyu ba ya iya nomewa. Bai taɓa yi mini maganar ba. Wallahi da ya zage ni tas, da na samu barci.

Yanzu ni ce a nesa, aure ya kai ni Maraɗi. Jiya na kira shi, tari ya sarƙe shi har na ɗauka layi ya yanke. Na ce, "Yaya, don Allah, gaya mini gaskiya, in taho?"

Ya ce, "Yi zamanki. Da sauƙi."