Ƙwallon Dabino a Kan Kabbut

Duk wanda ya san layin masu gyaran mota da ke bayan tsofaffin gonakin dabino na Ƙuba ya san Zubair ɗan Malam Badaru. Dogo ne, ba shi da yawan magana, kuma ko ranar Juma'a ba ka raba farcensa da baƙin mai. Samkari ne, yadda ake kiran mai gyaran jikin mota a Madina, kuma a hannun mahaifinsa ya koyi sana'ar tun yana taka bokiti kafin ya kai tebur. Kakansu ya zo aikin hajji daga Damagaram bai koma ba. Shi kuwa Zubair, in ka cire Makka da Khaibar, babu garin da ya taɓa kwana.

Ya yi karatun injina, sa'o'insa duk sun watse, wasu Jidda, wasu Riyad. Shi ya rage, domin shekarar da ya gama ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Malam Badaru, ya tafi da hannun hagu da ƙafar hagu, ya bar masa ido da baki. Tun daga nan tsohon yake wuni a kujera cikin warsha, wato garejinsu, yana nuni da sanda, Zubair yana bugu.

A bana abokinsa Umair ya samo masa aiki a garin Yanbu, wurin gyaran injin jiragen ruwa. Aka ce za a riƙe masa gurbin zuwa bayan ƙaramar salla. Ƙanwarsa Sundus, malamar jinya ce, ta ce ita da mijinta za su dawo gidan su kula da tsohon. Zubair ya daɗe yana juya maganar kafin ya faɗa.

Malam Badaru ya ce, "Ban hana ka ba, ya waladi. Ka gama mini jar motar nan, ka tafi."

Jar motar wata 'yar ƙaramar motar tsere ce ƙirar Ingila, kujera biyu, babu rufi, ta girmi Zubair nesa ba kusa ba. Inji ya tashi, fenti ya hau, saura murfin inji kaɗai, wanda su suke kira kabbut. Nata na asali yana nan lafiya lau a jingine da bango, amma tsohon ya ƙi shi. Ya sa an nemo masa na ƙirar da ta gabace ta a wurin masu fasa tsofaffin motoci, mai shimfiɗaɗɗen baya, marar tudu a tsakiya. Ya ce da wannan fuskar ya fara ganin irinta a unguwar Anbariyya yana saurayi, kuma ba zai hau ta da wata fuskar ba.

Tsohon kabbut bai san zancen ba. Ya zauna a kan lagireto ya ƙi rufuwa, sai da Zubair ya sauke lagireton ƙasa kaɗan. Ramukan hinji suka ƙi haɗuwa, ya toshe su ya huda sababbi. Makullin gaba ma sai da ya matsar da shi.

Malam Badaru ba ya awo da tef. In an ce aiki ya ƙare, sai ya ci dabino, ya tsotse ƙwallon, ya ɗora shi a tsagar da ke tsakanin kabbut da gefen mota, ya tura da yatsa. In ƙwallon ya bi tsagar har hancin mota, aiki ya yi. In ya nutse, tsagar ta yi faɗi. In ya yi tsalle ya fita, ta matse.

Kullum da rana Zubair zai daidaita, ya tafi masallaci sallar La'asar, tsohon ya yi tasa a zaune. In ya dawo aka ɗora ƙwallo, sai ya nutse a daidai wuri guda, ka ji ƙararsa a cikin inji.

Sundus ta kawo abinci wata rana ta ce, "Yaya, motar nan ta kusa tsiro da gonar dabino a cikinta. Ko dai hannunka ne ya fara tsufa?"

Tsohon ya ce, "Bar shi, mai difloma ne. Takarda ba ta ɗaure noti."

Zubair ya yi murmushi, amma abin ya ci masa rai. Ya canza notina, ya canza hinji, har ya fara zargin idonsa.

Ana saura kaɗan azumi, ya fita La'asar, ya kai bakin layi sai ya ga mai ya ɓata masa gaban riga. Ya juyo don ya canza. Daga bakin ƙofa ya hango mahaifinsa ya jawo kujera jikin motar, ya tokare kabbut da sanda, ya sa hannun dama yana kwance notin hinji da sifana. Da ƙyar yake yi, gumi yana bin gemunsa, hannun hagun yana reto kamar ba nasa ba. Zubair ya tsaya har ya ga notin ya juya. Sannan ya ja da baya a hankali, ya tafi masallaci da rigarsa mai mai.

Washegari ya daidaita kabbut, ya ɗaure, ya ɗiga farin fenti a kan kowane noti, yadda in an taɓa za a gani. A gaban tsohon ya yi. Malam Badaru ya dubi fentin, ya dubi ɗansa, ya sunkuyar da kai.

Bayan La'asar, Sundus tana wurin, aka ɗora ƙwallo. Ya bi tsagar sumul tun daga gilashi har hanci, ya faɗo ƙasa ya gangara ƙarƙashin tebur.

"Ya zauna," in ji tsohon, muryarsa can ƙasa.

Sundus ta ce, "Khalas, an gama, Yaya, mabruk. Kira Umair."

Wayar ma tana ta rawa a aljihun Zubair, Umair ɗin ne. Malam Badaru ya sa hannun dama ya ɗauki na hagun ya ɗora a cinya, ya gyara masa yatsu ɗaya bayan ɗaya.

"Ƙofar direba fa, Zubairu? Kamar ina jin tana ƙara in an rufe."

"Haba Abuya, haram alaik," in ji Sundus. "Ƙofar nan lafiyarta ƙalau."

Zubair ya buɗe ƙofar ya rufe. Ta rufu shiru, kamar yadda ya san za ta yi, shi ya haɗa ta da hannunsa. Ya sake buɗewa ya rufe. Tsohon bai ɗago ba.

"Akwai 'yar ƙara," in ji Zubair. "Miƙo mini sifanar nan, Sundus."

Wayar ta yi ta rawa har ta gaji.

An yi ƙaramar salla, an yi babba. In ka bi layin yau za ka ga jar motar a bakin warsha da tsohuwar fuskarta, yara suna ɗaukar hoto. Jakar da Zubair ya haɗa tun watan Sha'aban tana nan a saman kabad, an ɗora mata gwangwanin fenti. An gama ƙofar direba tuni. Yanzu a kan murfin but suke.