Ranar Tonon Dankalin Yaya Mitsu

A shagon gyaran gashin da ke gefen tasha aka fara cewa ɗan goggona, Mitsugu Kuramochi, ya auri aljana. Kafin labarin ya iso gidanmu har amaryar ta samu suna, ta samu juna biyu. Wai an gan shi ranar Lahadi a gidan kallon kifaye yana sauya benci, ya zauna nan ya tashi, ya koma can, yana kallon gefensa yana gyaɗa kai kamar ana yi masa hira. Wata ta rantse mijinta ya gan shi a gindin dutsen Tsukuba ya shiga banɗaki, ya kunna injin busar da hannu, ya tsaya yana saurare kamar mai jin waƙa.

Ku kwantar da hankalinku. Ba aljanar da za ta yarda, su ma suna da zaɓi. Mutumin da ya haura arba'in da biyar, yana cin taliyarsa a tsaye a tasha, da rigar sanyi ɗaya wadda ta girmi rabin mutanen garin nan? Abin da suka gani aiki ne.

Kowa ya san ba a kai ɗalibai yawo sai malami ya riga su zuwa ya dubo wurin. Malaman sauran makarantu su je a ayari, su duba wurin ajiye mota, su cika ciki, su dawo. Yaya Mitsu shi kaɗai yake zuwa, kuma lungu yake nema. Makarantarsu wani tsohon gida ne a bayan haikali, ta yaran da zuwa makarantar kowa ya gagare su. Wasu tsangwama ce ta koro su, wasu ba wanda ya san dalili, har su kansu. Likita na leƙowa, akwai mai zama ta saurari damuwarsu, shi kuwa an ba shi sashen fita: teku, dutse, wurin ginin tukwane, duk inda za a sha iska. Shi ya sa yake bin benci ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda yaro zai zauna ba a gan shi ba, da banɗakin da injinsa ba ya ihu, da ƙofar baya.

Ya san abin da yake nema, don shi ma ya taɓa shiga ɗaki ya ja ƙofa. Yana ɗan shekara goma sha biyar ya daina fita, sai goggo ta ajiye masa tire a bakin ƙofa ta koma. 'Yan ajinsu suka tafi Kyoto suka dawo da hoto. Wanda bai je ba kuwa ai ba a barinsa, ana yanko fuskarsa a manna a cikin ɗan da'ira a saman kusurwar hoton. Can yake har yau a bangon goggo, yana shawagi a kan rufin haikali kamar wata. Ni na bar makaranta da ƙafafuna, ba don tsoro ba, don lissafi, amma aƙalla a hotona ina da ƙafafu.

Matsalar aikinsa ita ce yaransa sun fi son tafiya tun tana nesa. In ana saura wata guda kowa zai je, har a yi gardamar wa zai zauna a taga. Safiyar ranar kuwa sai ciki ya murɗa, kai ya sara, takalmi ya ƙi shiga. Bara ya je teku sau biyu, duka shi kaɗai: na dubawa, da na gaske. Ba ya fushi. Ya sayo tsaraba, ya bi gida gida yana ratayewa a hannun ƙofa, ya koma ɗakinsa inda ba mai rataye masa komai sai takardar tallar abinci.

Da kakar bana shugabar makarantar, Malama Someya, ta zaunar da shi. Mace ce mai kirki, amma ta gaji da ganin mota tana tafiya fayau tana dawowa fayau.

"Malam Kuramochi," ta ce, "in ba wanda ya shiga mota a tonon dankalin nan, mu haƙura da fita. Ka dawo ciki ka taya mu koyar da zane."

Zane! Mutumin da in ya zana kare sai an tambaye shi wane irin tebur ne.

Ni nake tuƙa ƙaramar bas ɗin da ke kai tsofaffi gidan wankan ruwan zafi, ranar Laraba ba aiki, sai ya roƙe ni. Da sassafe na same shi a ƙofar makaranta da jaka cike da dunƙulen shinkafa, na kowa da sunansa a jiki. Ya yi wanda zai ciyar da rundunar soja.

"Yaya, biki za mu ko gona?"

"Rage murya, Genta. Kuma kashe rediyon nan."

Sai waya ta fara. Uwa ta kira wai ɗanta ba zai zo ba, ya sunkuya wa wayar, "Ba komai, ya huta, ku gaishe shi." Uba ya kira, ya sake sunkuyawa. Ya yi ta rusuna wa iska har na ji tausayin bayansa. Muka tsaya, mu da jakar shinkafa, hankaki na kallonmu daga kan waya.

"Ka fara koyon zanen kare," na ce.

Ya juya. Yana kallon ƙarshen layi, inda wata tsohuwa ke tahowa a hankali, a bayanta wata yarinya ta ja hular rigarta har hanci. Chisato ce, 'yar shekara goma sha huɗu, wadda tun farkon shekara ba ta wuce shagon unguwarsu ba. Na buɗe baki zan yi mata maraba, Yaya ya taka min ƙafa. Bai gaishe ta ba, bai ce ta kyauta ba, ya zuge ƙofa kawai ya juya yana gyara madubin da ba abin da ya same shi. Ta wuce kujerar ƙarshe ta dunƙule. Tsohuwar, kakarta ce, ta sunkuya mana har sai da na zaci ba za ta miƙe ba.

Haka muka tafi, bas ta mutum goma sha wani abu, ba mai ko tari. Gawa na taɓa rakawa, an fi wannan hira.

Tsoho Nemoto mai gonar ya riga ya yanke ganyen dankalin, ya kafa tsinke a kan rabon kowane yaro. Ya leƙa motar, ya dubi Yaya.

"Malam, ina rundunar taka?"

"Yau mun zo da wakiliya, Baba."

"To ni dai na yanke ganye. Sai an tone duka, ko da haƙori ne."

A zuwansa na dubawa Yaya ya roƙi a ba su layin bakin hanya, don haka ya sa na ja motar har ƙofarta ta yi daidai da tsinken farko. Ya zuge ƙofar ya bar ta a buɗe. Tsakanin ƙafar Chisato da ƙasa bai fi taku guda ba. Ba ta sauko ba. Shi ma bai kira ta ba. Ya ajiye safar hannu a matakala, ya durƙusa, ya fara tono.

Na taya shi har na ɗan lokaci, sai bayana ya tuna min cewa ni direba ne. Na koma inuwa na buɗe dunƙulen wani yaro mai suna Haruto, na ci a madadinsa. Daga nan nake kallon ɗan'uwana: gona har iyakar gani, iska na kaɗa 'yan gashin da suka rage masa, shi kaɗai a durƙushe, yana tone rabon kowa yana zubawa a jaka daban. In ya ciro babba sai ya ɗaga shi sama, ba ya kallon kowa, ya ajiye. A maƙwabciyar gona 'yan wata firamare ke ta ihu da huluna masu ruwan ɗorawa, malamansu na busa usur. Ko sau ɗaya bai ɗaga kai ya dube su ba.

Rana ta take, sai wata murya ta fito daga motar, siririya kamar ta sauro.

"Malam. Ka bar ɗaya."

Ni na zabura. Shi bai ko waiga ba.

"Ina?"

"Hagu. Ba nan ba. Gaba kaɗan."

Ya tura hannu ya ciro wani ɗan tsurut, bai kai yatsana ba. Ya kakkaɓe shi ya ɗora a matakala kusa da safar. Can da na saci kallo, safar na nan, dankalin babu. Iyakar abin da ya faru ke nan, kada wani ya ce na ƙara gishiri. Ba ta sake magana ba har muka mayar da ita hannun kakarta.

A ƙofar gidan ya kira Malama Someya. Na ji yana cewa, "Mutum ɗaya. I, ta shiga. A'a, ba ta sauka ba." Ya saurare ta, sannan ya hau rusunawa. Shugaba ta ce fita tana nan, in itatuwa sun yi fure ya je ya dubo teku.

Sauran yammacin muka yi shi muna bin gidaje. Ya rataye jakar dankali a hannun ƙofa, ya danna ƙararrawa, ya dawo mota. A wani gidan labulen sama ya motsa. A sauran ko wannan babu. Jaka ta ƙarshe tasa ce, ya ɗora a cinya, ƙasa har gira.

"Yaya," na ce, "wallahi ka ba ni tausayi. Wannan ne yawon naka? Ka tara shinkafar duniya, ka karya baya, fasinja ɗaya tal, ita ma ƙafarta ba ta taɓa ƙasa ba. In wannan tafiya ce, ni ma na je Amurka a talabijin."

Ya ciro safar hannunsa a hankali, ya kakkaɓe ta a kan kujerata mai tsabta.

"Yarinyar nan ta yi nisa da ɗakinta yau fiye da yadda ka taɓa yi da tukunyar babarka a shekara arba'in. Ja mota."