Ranar da koci ya saka Mubarak a wasa

Jiya a Bukit Jalil, nan Malesiya, ana dab da tashi wasan ƙwallon kwando tsakanin kwalejinmu da 'yan Sentul, waɗanda kullum sai sun ci mu su yi ta mana dariya, kawai kocinmu ya cire gwaninmu ya saka Mubarak.

Mubarak fa! Abokina ne, amma tun da ya shiga ƙungiyar a benci yake zama. Yana shiga 'yan Sentul suka wuce mu da maki ɗaya. Shi ya jefa ƙwallon ƙarshe, ta bugi bakin kwando ta dawo. Aka ci mu.

Na tare kocin, wani dattijo ɗan Malesiya, raina a ɓace. Na ce, "Koci, muna gaba fa ka saka shi! Me ya sa?"

Ya nuna min wata Hajiya tana riƙe da hannun Mubarak, sai murmushi take. Ya ce, "Mahaifiyarsa ce, daga Kano ta zo bikin kammala karatunsa. 'Yan Sentul za mu sake haɗuwa baɗi. Ita kuwa yaushe za ta ƙara ganinsa a fili?"

Har yanzu wasan yana min ciwo, amma na kasa jin haushin dattijon. Da ku ne kocin, za ku saka shi?