Solfrid, Wadda Ta Kashe Firizar Oddvar

Kullum da safe Solfrid Haugen kan zaga gidajen tsofaffin garinmu, ta ba wannan magani, ta yi wa wancan wanka. Iyakar aikin da aka ɗauke ta ke nan. Amma tun da kuɗin wuta ya yi tashin gwauron zabo, ba ta barin gida sai ta shafa gefen taga. In iska na shigowa ta liƙe da roba, ta tura tsohon bargo ƙasan ƙofa, ta zare duk abin da ke shan wuta a banza daga soket.

Mu kuwa mutanen Norway sai addu'a. Mun saba barin fitila a kunne a ɗakin da ko kyanwa ba ta shiga. Da wuya ta yi wuya, sai muka koma kashe abin da ke riƙe da ranmu. Abin yana ƙona min rai har yau.

Ga Oddvar, tsohon masunci. Ya kashe hita a tsakiyar hunturu, ya zauna cikin rigunan sanyi yana tari. 'Yarsa ta rantse in aka sake samunsa haka, gidan tsofaffi za ta kai shi. Alhali a ɗakin ƙasa wata tsohuwar firiza na gurnani ba dare ba rana, ƙanƙara ta cika ta har murfin ba ya rufuwa.

"Oddvar, tsakaninka da firizar nan wa ya fi buƙatar wuta?" in ji Solfrid.

"Ki bar min abata."

"Zinariya ce a ciki?"

"'Ya'yan itacen daji ne. Gunvor ce ta tsinko."

Gunvor matarsa ce, ta daɗe da rasuwa. Solfrid ta ce masa kansa ya fi ƙanƙarar tauri, ta fita ranta a ɓace. Ranar hutunta sai ga ta da sukari da kwalabe. Ta wuni tana dafa 'ya'yan itacen tana ɗurawa, shi yana tsaye a kanta yana mita. Da ta gama ta jere kwalaben a kan kanta, ta ce, "Kwalba ba ta shan wuta. Je ka zare wayar firizar da hannunka." Ya sauka ya zare, ita kuma ta kunna hita.

Ke ce, Solfrid, mai faɗa da hannu cikin aiki. Ga shi kin ajiye aiki, ba wanda ya ba ki ko takardar yabo, kuma wannan abin kunyarmu ne. Mun gode. Ku kuma, kafin ku bar tsohonku cikin sanyi, ku sauka ku ga abin da ke gurnani a ƙasa.

Oddvar yana gidansa, ɗaki da ɗumi. Kullum sai ya laso cokali guda daga kwalbar, ya ce sukari ya yi yawa, Gunvor ba haka take yi ba.