Iyafis ɗin Fasto a Hannun Saje Dominic

Saje Dominic ya baro soja da fansho, da gurguwar gwiwa, da kunne ɗaya mai aiki. Na hagun kuwa ƙarar bindiga ta cinye. Duk da haka, da ya dawo gida Zuru, sai ya kafa tebur a gindin mangwaro a unguwar Rikoto, ya ce gyaran iyafis zai yi, abin sauraron nan da ake cusawa a kunne. Matarsa Dinah ta yi dariya har ta zauna ƙasa.

Amma ya iya. A sashen sadarwa ya yi aikinsa. Da reza yake feɗe roba, ya ƙona bakin siraran wayoyin da ashana, ya liƙa kowace a mazauninta da dalma. In zai gwada, sai ya sa ɓari ɗaya a kunnen dama, ya cire, ya sa ɗayan.

Abokin gabarsa ɗaya ne a garin, Fasto Ezekiel, wanda ba ya gama wa'azi sai ya taɓo "wasu tsofaffin sojoji" da ƙwaryar burkutu. Kowa sai ya waiwayo bencin Saje.

Wata Talata sai ga Fasto da iyafis, bakin da ake sokawa a waya ya karye. Ya ce wa'azi yake saurare da shi, a hanzarta. Saje ya yanke, ya liƙa sabon baki, ya miƙa hannu a ba shi waya ya gwada. Fasto ya yi ɗan jim kafin ya bayar.

Ba wa'azi ya fito ba. Gangunan bikin gargajiya na Uhola ne, irin kiɗan da Fasto ke kira tarkon Shaiɗan. Saje ya lumshe ido, kafaɗunsa suka fara motsi.

"Wannan wa'azin, Fasto, wace sura ce?"

Fasto ya ce bincike yake yi. Saje ya ce lallai binciken ya yi zurfi, don ga ƙafar Fasto tana bin kiɗan da ba ta ma ji. Ya matsa masa wuri a benci, ya miƙa masa ɓari ɗaya. Fasto ya dubi titi hagu da dama, ya zauna.

Saje bai faɗa wa kowa ba sai matarsa, amma labarin ya zaga gari. Ran Lahadi aka yi wa'azi a kan masu gulma. Dinah ce ta dawo gida tana fushi.