Usur Ɗin Saje

Saje ya hura usur sau ɗaya, ya koma ɗaki ya zauna bakin gado yana goge shi da gefen riga, kamar kowace safiya. Barci ɓarawo ne. Da ya farka, rana ta riga ta hau katanga tana leƙensa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya yi juyin mulki a gidan hayan nan mai ɗaki tara da banɗaki ɗaya. Kafin zuwansa mai ƙarfi ke fara wanka, rago ya tafi aiki da kwantsa. Tsohon soja ne da bai taɓa harbin ko gafiya ba, amma ranar da tela da wanzami suka ba hammata iska a kan layi, ya fito da usur. Aka yi tsit. Ya kafa doka: busa ɗaya a shiga, biyu a fito. Suka naɗa shi shugaba har abada.

Yau da ya farka, Saje ya fito a guje. Ga layi nan ƙyam, ruwan zafi ya huce a bokitai.

"Wa ke ciki?"

"Malamin makaranta, ranka ya daɗe," in ji tela. "Tun asuba ya gama."

"Malam, fito mana."

"Ban ji usur ba, Saje," in ji murya daga ciki.

Saje ya dubi mutanen da ke kan layi. Tsari ya so ya koya musu, ashe magidanta masu gemu ya mayar 'yan tsaki.

Ya tara su a ɗakinsa, ya cusa tsinke ya zaro ɗan ƙwallon cikin usur ɗin. Ya hura, sai iska.

"Na sauka."

"Haba shugaba," in ji wanzami, "wa zai gaya mana mun gama wanka?"

"Jikinku."

"To ka naɗa magaji."

"Ku naɗa abinku. Ni ɗan haya ne, ɗaki na huɗu."

Matarsa ta yi hamdala, ta ce kunnenta na hagu ya samu 'yancin kai.

"Shi kuma malam fa?" in ji tela. "Yana ciki har yanzu."

"Yunwa za ta busa masa biyu."

Saje ya saɓa tawul, ya ɗauki bokitinsa, ya fita neman ƙarshen layi.