Yatsu Uku da Rabi

Kitso na gada wajen Inna, kuma da shi na riƙe kaina a Yankara bayan rasuwar maigidana. Jajibirin kasuwa ko na biki, tsakar gidana ba ta rabuwa da mata. Kai ɗaya na tashi daga tsakanin gwiwoyina, wani na zama.

A hannun dama abin ya soma. In na farka da asuba sai in ji babban yatsa da biyun da ke bin sa sun mutu, ga wani tsiki-tsiki a ciki kamar tafiyar tururuwa. Sai na yi ta yarfe hannun kafin in iya ɗaukar buta. Na ce sanyi ne. Na shafa man zafi, na sha jiƙo, har wanzami ya yi mini tsaga a wuyan hannu. Ba abin da ya sake.

Wata Alhamis ina yi wa wata amarya shuku, kibiyar tsaga ta faɗi daga hannuna sau uku ban ji sanda ta suɓuce ba. Gashin yana tsakanin yatsuna, ina ganin sa, amma ba na jin sa. Uwar amaryar ta ce a hankali, "Hajiya, ko mu bari sai gobe?" Suka fita da rabin kai a tsefe. Wata mai kitson ce ta ƙarasa.

Ma'aikacin asibitin garinmu ya ce jijiya ce ta matse, sai babban asibiti a Zariya. A lokacin hanya ba ta biyuwa, kullum da labarin motar da aka tare. Yayana ya ce, "Ke, da hannu ɗaya ma ana rayuwa. Ki zauna." Na zauna.

Damina biyu na yi a haka. Ɗaurin zani ya zama aiki, ƙwayar carbi ba na jin wucewarta, tsokar gindin babban yatsana ta lotsa. Ina daga ɗaki ina jin muryoyin matan da na saba da kawunansu suna wuce ƙofata zuwa wani gida. Wasu su leƙo su gaishe ni, ɗankwali a ɗaure tamau don kada in ga sabon kitson.

Da hanya ta ɗan lafa, ɗiyata da ke aure a Zariya ta matsa, na bi ayarin motoci da rana tsaka. Likitar mace ce, ba ta kai ɗiyata shekaru ba. Ta shafa mini wani mai mai sanyi a wuyan hannu, ta ɗora na'urar hoto irin wadda ake duba masu ciki da ita.

"Mama, dubi nan," ta ce, tana nuna allon. "Jijiyar da ke kai ji ga yatsu uku da rabi ta wata 'yar ƙuntatacciyar hanya take bi a wuyan hannu, da wani tantani mai tauri a samanta. Shi ya danne ta. Shi zan tsaga."

"Za ki buɗe mini tafin hannu?"

"A'a. Ƙofar da zan yi ba za ta wuce ƙwayar wake ba. Da hoton zan riƙa ganin ciki."

Aka yi mini allurar kashe zafi, idona biyu. Abin da ya tsorata ni, ba hannuna take kallo ba, allon take kallo, tana tura wata siririyar aska. Na ji turi, na ji wani ɗan ƙarat, ban ji zafi ba. Ko ɗinki babu, filasta aka manna. Duka aikin bai kai kitson yarinya ɗaya ba.

Cikin kwanaki tsiki-tsikin ya ɗauke. Ji ya dawo sannu-sannu, amma ƙarfin babban yatsa bai cika ba. Likitar ba ta ɓoye mini ba, ta ce na daɗe ban zo ba. Yanzu ina yi wa yara da tsofaffi manyan kitso, ƙananan kuwa sun fi ƙarfina.

Bana hannun hagu ya soma. Da na koma wajen likitar, ta ce wannan karon kada in jinkirta, ta ba ni ranar aiki a takarda. Ranar ta wuce da wata biyu, don an sake daina bin hanyar. Duk safiya ina aikawa tasha a tambayo direbobi ko hanya ta lafa.